Biskit Mai Takarda na Bikin Safiya

Abu biyu na riƙe a hannu sa'ad da na fito daga filin jirgin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu: fasfo, da wata 'yar takarda da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Fasfon, ogana ne ya nema mini. Takardar kuwa ta matata ce, Hajara, wadda ta rasu wata bakwai kafin tafiyar.

Ni kafinta ne a kasuwar Katako, a Jos. Ogana ya sayi injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta, ya turo ni ƙasar Sin in yi wata huɗu ina koyonsa. Aikin da aka sani ke nan. Akwai na biyu, wanda ni da autarmu Safiya kaɗai muka sani.

Hajara ta yi shekaru tana girki a Kuru, inda manya ke zuwa kwas. Wata rana wata mata da ta dawo daga waje ta ba ta wani biskit, a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ta ce na 'yan Caina ne. Hajara ba ta ci ba. Ta ƙunso shi har gida ta fasa mana mu uku, sai ga takarda a ciki da Turanci. Safiya ta karanta ta fassara: “Baƙo mai alheri yana tafe gidanki.” Washegari ƙanina Sale ya sauka daga Bauchi, ya yi mako uku, ya ƙarar mana da acha. Daga ranar, duk wanda ya yi sallama lokacin cin abinci sai Hajara ta dube ni ta ce a hankali, “Ga mai alherin nan.”

Ta sha faɗa cewa ranar bikin Safiya wannan biskit za a raba. “Kowa ya gaji da cincin, Malam. A bar mutane su fasa su karanta su yi dariya.” Allah bai nuna mata ranar ba. An sa bikin mako biyu bayan ranar dawowata. Da zan taho Safiya ta miƙo mini takardar ta ce, “Baba, tunda ƙasarsu za ka...” Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Kwana biyu na yi a Gwanzu, a unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa. A bakin masauki wani dillali mai suna Bala ya ji ina waya da Hausa, ya rungume ni kamar tare muka tashi.

“Baba, mutumin Jos ne? Kai, Allah sarki! Me kake nema? Taya? Waya? Leshi?”

Na nuna masa takardar da hoton biskit ɗin da Safiya ta sa mini a waya.

“Wannan? Ai a nan kamar kabeji ne a kasuwar Farin Gada. Zauna ka sha shayi.”

Kafin la'asar ya dawo da kwali babba, an naɗe shi da gam ta ko'ina. Ya ce kada in buɗe, iska na ɓata shi, sai ranar biki. Na yi masa godiya har da addu'a ga iyayensa. Na ce a raina, ashe aikin Hajara shi ne mai sauƙin.

Masana'antar tana Foshan, garin da ba a komai sai kujera da gado da ƙofa. Malamina wani ɗan tsurut ne mai suna Chen, na sa masa Oga Chen. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai mu yi magana a cikin waya ta fassara mana. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya ɗauki katakon da na ɓata ya jingine shi a bango inda zan riƙa ganinsa. A makon farko bangon ya cika.

Zafin garin wani iri ne, mai danshi, riga ba ta bushewa a jiki. Wanda ya tashi a Jos bai san wannan ba. Abinci kuma na kasa gane kansa, na koma burodi da ayaba da ruwan zafi. Na yi ta mafarkin gwate mai yakuwa. Amma abin da ya fi yi mini nauyi shi ne buɗe ƙofar ɗaki da yamma. Shekara ashirin da tara, duk ranar da na shigo gida da ƙurar katako a kaina, Hajara za ta ɗago daga inda take ta ce, “Malam, ka dawo?” Tana ganina tsaye a gabanta, amma sai ta tambaya. Na sha yi mata tsiya a kan haka. A Foshan na kan tsaya da makulli a hannu na ɗan lokaci kafin in shiga.

Kwalin Bala ya yi mako uku a ƙarƙashin gadona. Wata Juma'a zuciyata ta ƙi kwanciya, na yanka gam ɗin. Abin da ke ciki kewayayye ne, mai nauyi, ko kusa bai yi kama da ƙaho ba. Na fasa ɗaya, sai baƙin wake da aka niƙa da sukari. Na fasa na biyu, gwaiduwar ƙwai. Sai da na fasa shida ina neman takarda. Na kira lambar Bala, ba ta shiga, kuma har na baro ƙasar ba ta shiga ba.

Na kai wa Oga Chen ɗaya. Ya shinshina, ya dubi hulata, ya yi magana a waya da sauri. Wayar ta ce, “Kada ka ci. Da man alade ake yi.”

Ba zan zubar da abinci ba, sai na ɗora kwalin a kan teburin ma'aikata. Kafin a tashi ya ƙare. Ashe a wurinsu abu ne mai daraja, na kyauta tsakanin 'yan'uwa. Daga ranar na zama babban mutum a masana'antar. Wannan ya kawo mini lemo, wancan gyaɗa, wata dattijuwa mai goge katako ta kawo mini fanka. Bala ya cuce ni, amma shi ya sama mini mutane.

Ɗaya daga cikinsu ne ya ja hannuna zuwa wani lungu, ya nuna mini shago mai rubutun Larabci a saman ƙofa. Mai shagon na sanye da farar hula, yana jan taliya da hannu kamar mai saƙa. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya. Sunansa Ma. Matarsa, wadda na riƙa kira Hajiya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda wando ke neman zame mini, ta ƙara nama a kwanona. A nan na ci abinci har na baro garin.

Kowace Lahadi kuma sai in fita neman biskit. Na shiga kasuwanni, na shiga manyan kantuna masu hawa-hawa, na ɓata sau biyu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya kira na kusa da shi, su duba tare, su girgiza kai. Wani ya kai ni wurin masu sayar da ambulan ja. Wani ya ɗauka maganin gargajiya nake nema.

A wata na uku 'yar Oga Chen ta zo hutu. Sunanta Mei, ta yi karatu a Amurka, tana jin Turanci, ni kuma ina da nawa irin na Katako. Na nuna mata hoton. Ta yi dariya har ta zauna a kan tarin falanki.

“Kawu, wannan ba namu ba ne! Ni ma a Amurka na fara ganinsa. A can ake ba da shi a gidajen abincin 'yan Caina. Babana bai taɓa ganinsa ba a rayuwarsa.”

Ta faɗa wa uban, shi ma ya yi dariya, ma'aikata suka taru suna yi. Ni ma na yi, don abin ya cancanci dariya. Na ƙetare rabin duniya na zo ƙasar da ba ta san shi ba.

Da yamma na kira Safiya na gaya mata.

“Ba komai, Baba,” ta ce. “Wallahi ba komai. Sai a yi cincin.”

Ta faɗa da sauri, kuma ta rantse ba a tambaye ta ba. Haka uwarta ke yi in abu ya yi mata ciwo.

Washegari Mei ta same ni a wurin inji, ta daina dariya. Ta ce ta bincika, akwai masu yin sa a ƙasar don aikawa waje, ta sa a kawo samfuri. Bayan kwana uku ya iso, kala uku: ja mai ƙamshin sitiroberi, wanda aka tsoma a cakulan, da fari. Muka share teburin aiki muka jera su, ni da Mei da Oga Chen, kamar masu zaɓen zanen lefe. Oga Chen ya zaɓi ja, wai launin biki ne. Mei ta ce mai cakulan ya fi kyau a hoto. Ni na ce fari, don irinsa Hajara ta kawo.

Sai muka fasa. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kwali da sukari, amma wannan da sauƙi. Mei ta fara karanta takardun.

“Za ka yi arziki kafin ƙarshen wata.”

Na ce, “To.”

“Maƙiyinka yana kusa da kai.”

Mei ta fasa wani.

“Tsohon masoyi zai dawo gare ki.”

“A wurin biki?” na ce. “In amarya ta ɗauki wannan a gaban dangin ango fa?”

A bayan kowace takarda kuma ga jerin lambobi, Mei ta ce na masu caca ne. Nan na tuna da Kawu Inuwa, baffan ango, wanda ko kalanda mai hoton tsuntsu ba ya bari a ɗakinsa. Wannan duba ne ƙarara, da caca a bayansa. Hajara sa'a ta yi ta samu baƙo mai alheri. Ba zan raba wa mutane wannan a ranar auren 'yata ba. Na yi wa Mei godiya, na tattara ragowar a leda na tafi cin taliya.

Hajiya ta ga ledar ta miƙo hannu. Ta fasa ɗaya, ta jefar da takardar, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ta ɗaga shi sama tana duba kaurinsa. Ta karɓi wayata ta tambaya na wane ne. Na gaya mata komai, ban taɓa faɗa wa kowa da tsawo haka ba. Da wayar ta gama, ta dafa ƙirjinta ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Harshenta ya lanƙwasa kalmomin ta wata hanya, amma su ne. Tsakanina da ita, wannan ce magana ɗaya da ba mu nemi waya ta fassara ba. Sannan ta nuna agogo, ƙarfe uku, ta nuna kicin.

Tsakanin abincin rana da na yamma shagon ba kowa. Ta kaɗa farin ƙwai da sukari da fulawa da ɗan mai, ta shafa shi siriri a faranti kamar sinasir da bai ƙoshi ba, ta sa a tanda. Sirrin duka a naɗi yake. Da zafinsa za ka ɗauka, ka sa takarda, ka ninke, ka lanƙwasa. Ka yi jinkiri kaɗan ya bushe ya karye. Na yi zaton hannun kafinta ba ya jin zafi. Na yi ta yarfa yatsu ina salati, Malam Ma yana leƙowa yana dariya, matarsa na korarsa da ludayi. Kwana huɗu muka yi. Ɗanɗano ya yi, amma da mun ajiye sai ya buɗe baki ya miƙe kafin ya huce.

Wannan kam ba matsalar girki ba ce, ta kafinta ce. Abu yana son a riƙe shi har ya zauna, kamar katakon da aka sa wa gam.

Jarrabawata ta ƙarshe ita ce in sa inji ya sassaƙa fure a jikin ƙofa. Na roƙi Oga Chen ya bar ni in yi wani abu dabam. Na zana masa allo mai ramuka a jere kamar tandar masa, da ɗan tudu a gefe na lanƙwasawa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki biskit ɗaya ya auna, ya rage zurfin ramin a kwamfuta, ya ja baya ya harɗe hannu. Na kunna inji da kaina. Da ya gama, Oga Chen ya shafa allon da tafin hannu, ya juya shi, bai kai shi bango ba. Ya buga hatiminsa ja a bayansa.

A ranar biskit goma sha biyu suka zauna a ramukansu, ba wanda ya buɗe baki. Hajiya ta tafa, ta cinye biyu.

Saura abin da za a rubuta. Na sayi littafi na fara da addu'o'i: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuriya ɗayyiba. Na cika shafi biyu kafin na tuna yadda tsakar gida ke zama bayan biki. Takardun nan a ƙasa za su ƙare, a tattake su, a share su da bawon lemo. Ba zan sa sunan Allah a inda za a taka ba. Na rufe littafin. Duba ba zai yiwu ba, addu'a ba za ta yiwu ba, ni kuma ba mai hikimar magana ba ne.

Ana saura kwana uku in taho Safiya ta kira a kan maganar ɗinki. Da za ta kashe ta ce, “Baba, ka dai ci abinci ko?” Maganar uwarta ce sak, har da yadda ta ja “ko” ɗin. Na ajiye wayar, na buɗe sabon shafi na rubuta shi. Na biyun ya zo da kansa, na uku ma. Ashe maganganun Hajara duk suna nan. “Ajiye wayar nan ka ci, zai huce.” “Wa ya bar mini murfin tukunya a buɗe?” “Ki gaishe ta ko ba ta amsa ba.” “Gishirin ya isa, kar ki ƙara.” “Je ka ka ba shi haƙuri, ba za ka rage tsawo ba.” Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai. Wani lokaci in tsaya.

Hajiya ta ba ni kwalbar barkono na guzuri. Oga Chen ya raka ni har mota, ya ɗaga mini babban yatsa. Allon kuwa a jakar hannu na sa shi, na naɗe da rigar sanyi.

Da motarmu ta fara Hawan Kibo, a hanyar shiga Jos, na sauke gilashi, iskar gida ta bugi fuskata. A unguwarmu, Congo-Russia, na tarar gidan ya cika da mata. Na miƙa allon da littafin ga Maman Nanret, maƙwabciyarmu, wadda bango ɗaya ya raba mu shekara ashirin da biyu. Ita da Hajara tare suke zuwa kasuwa, ita ke kawo mana shinkafar Kirsimeti, mu mu kai mata naman layya.

Ta juya allon ta ce, “Baban Safiya, wata huɗu a Caina, katako ka kawo mana? Katako ya ƙare a Katako ne?”

Na nuna mata sau ɗaya. A na biyu ta ture ni. “Tashi, hannunka ya yi nauyi. Je ka wurin maza.” Ta aro tandar gas, ta jera mata huɗu, aka buga maganganun a wurin masu kwamfuta aka yanka da almakashi. Kwana uku gidan na ƙamshi, ana ihun ƙuna ana dariya.

Ranar walima, bayan an ci abinci, aka fito da tire. Kawu Inuwa ya yafito ni.

“Malam Garba, me nake ji? An ce ka kawo mana duba daga Caina.”

“Fasa ka gani, Kawu. In duba ne, ni da kaina zan kwashe.”

Ya ajiye wayarsa a cinya, ya sa tabarau, ya fasa kamar mai tsoron kunama. Ya karanta a fili: “Ajiye wayar nan ka ci, zai huce.” Ya dubi wayar, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. “Wannan ai nasiha ce! Miƙo wani.”

Ƙanina Sale ya samu “Ga mai alherin nan.” Bai gane ba, ya yi ta nuna wa mutane yana murna, ni kuma ban yi masa bayani ba. Daga cikin gida na fara jin hayaniya. Waɗanda suka san Hajara sun gane. Wata na cewa, “Wallahi haka take faɗa!” Wata na cewa a ba ta nata ta gani.

Na so in zaɓa wa Safiya da hannuna, na ma ware ɗaya mai magana mai nauyi. Da na shiga ɗakin da take, ta riga ta ɗauka daga tire kamar kowa. Mijinta a Sakkwato yake aiki, can za a kai ta. Ta miƙo mini takardar daga ƙarƙashin mayafi. An rubuta, “Ki tafi da suwaita.”

“Sakkwato fa, Baba,” ta ce. Tana dariya, hawaye na ɓata mata kwalliya. “Zan tafi da ita.”

Na mayar da wanda na ware cikin tire.

Bayan la'asar motoci suka tafi da amarya. Tsakar gida ta cika da ƙananan takardu, kamar yadda na zata, sai dai na ga mata da yawa suna ƙulle nasu a bakin zane. Na tsaya a ƙofar ɗakinmu da makulli a hannu. Sai ga Maman Nanret da biskit ɗaya a leda.

“Kai ba ka ci ba. Wannan naka ne, ni na zaɓa.”

“Ai na san duk abin da ke ciki, Maman Nanret. Ni na rubuta.”

“Fasa dai.”

Na fasa. Takardar ba bugun kwamfuta ba ce, da biro aka rubuta, da manyan baƙaƙe. Wannan ban sa shi a littafin ba. Na kai alƙalami kansa sau da yawa a Foshan, na kasa. Ga abin da ke jikin takardar:

“Malam, ka dawo?”

“Kullum da yamma ina ji ta bango,” in ji Maman Nanret. Ta juya ta ɗauki tsintsiya ta ba ni baya.

Na sa makulli na buɗe ƙofar. Na ce, “Na dawo.”